Babi na Shida: Abin da Gwaji Ke Faɗa Bayan Ɓari

Ɓari ba shi da zaman makoki. Idan yaro ya rasu a Dogon Dutsi ko Matankari, akan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza su zauna a waje, mata su cika tsakar gida, ana ta karɓar gaisuwa. Idan kuwa cikin wata biyu ko uku ne ya zube, sau da yawa ko maƙwabta ba sa ji, don tun farko kunya ba ta bar mai cikin ta faɗa wa kowa ba. Ta ɗan kwanta, a dama mata kunu, wanda ya sani ya leƙo ya ce, "Sannu, Allah ya kawo rayayye." Kwana biyu ta ɗaura zane ta koma bakin turmi.

Sai dai shirun na fili ne, a ɓoye magana tana tafiya. Uwar miji ta tare ɗanta a zaure: "Wai mi tay yi? Sai da nac ce ta bar ɗaukar tulu." Uwar matar kuma, can a gidansu, idonta na kan kishiya. Wata ta ce maye ne, wata ta ce an gamu da iska a bakin tafki da magariba, wani ya ce namijin dare ne. Idan abin ya maimaitu sau biyu ko uku, sai a fara cewa mahaifarta ba ta riƙe ciki, daga nan kuwa maganar ƙarin aure ko saki ba ta da nisa. Adeline Masquelier, masaniyar al'adu da ta fara bincike a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta yi rubutu mai yawa a kan yadda Arawa ke danganta cuta da matsalar haihuwa da iskoki, da yadda ƴan bori da malamai kowa ke da tasa hanyar magani. Bayanan sun sha bamban, amma kusan dukkansu neman mai laifi suke yi.

A babin da ya gabata mun yi bayanin awon ciki. Wannan babi zai duba wani gwaji da likitoci suka shafe shekara 60 suna yi wa abin da ya zube, da amsar da ya fi bayarwa: a kusan rabin ɓarin farkon ciki babu mai laifi, cikin ne ya zo da tangarɗarsa tun ranar da ya shiga.

Ɓari ya fi yadda ake zato yawa

A 2021 mujallar likitoci ta Lancet ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, ta ƙiyasta cewa ana yin ɓari kimanin miliyan 23 a duniya kowace shekara. Cikin kowane ciki 100 da mace ta san da shigarsa, kusan 15 ba sa kaiwa. Wannan ban da waɗanda ke zubewa tun mace ba ta ankara ba, ta ɗauka al'adarta ce ta yi jinkiri ta zo da ƙarfi. Akasarin ɓari kuwa yana faruwa ne kafin ciki ya cika mako 12.

Mu kawo lissafin gida. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa a matsakaicin lissafi mace tana haihuwar ƴaƴa fiye da 7. A ɗauki macen da ta yi ciki 8 a rayuwarta, a ce kowane ciki yana da haɗarin 15 cikin 100. Idan aka buga lissafin, cikin mata 4 irinta kusan 3 za su yi ɓari aƙalla sau ɗaya, kuma yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Ke nan a Gesheme ko Sukukutan, macen da ta gama haihuwarta ba ta taɓa ɓari ba ita ce ta fita daban. Duk wadda ke shakka ta zauna da tsofaffin gidansu ta tambaye su a asirce, za ta sha mamakin yawan waɗanda za su ce, "Ai ni ma tsakanin wane da wance na yi."

Ɓarin da ke maimaituwa shi ne ba shi da yawa. Ƙiyasin na Lancet ya ce matan da suka yi sau biyu ba su wuce 2 cikin 100 ba, waɗanda suka yi sau uku ko fiye kuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Su ne suka fi bukatar bincike.

Arba'in da shida

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ɗakin gwaji. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wasu ƴan zaruruwa da ake kira kuromosom. Su ke ɗauke da DNA, wato umarnin da ke tsara ginin jiki tun daga zuciya da ƙwaƙwalwa har launin fata da rukunin jini. Adadinsu 46 ne, a jere biyu-biyu, 23 daga uba, 23 daga uwa. Masana sun ba jeri 22 lambobi, daga manya zuwa ƙanana, jeri na ƙarshe kuma shi ke raba jinsi: XX mace, XY namiji. Uwa kullum X take bayarwa, uba ne ke kawo X ko Y. Saboda haka wanda ke tsangwamar matarsa don tana haifa masa mata zalla bai san inda maganar ta dosa ba.

Wannan ilimi ba tsoho ba ne. Har tsakiyar shekarun 1950 littattafai cewa suke yi adadinsu 48 ne. A 1956 ne Joe Hin Tjio da Albert Levan, a garin Lund na ƙasar Suwidin, suka tabbatar da 46. A 1959, a Paris, Marthe Gautier da Jérôme Lejeune da Raymond Turpin suka nuna cewa yaran da ke da lalurar Down suna da kuromosom mai lamba 21 guda uku maimakon biyu. Daga nan sai tambaya ta taso: idan ƙarin guda ɗaya yana canja yaro haka, ina labarin cikin da bai kai haihuwa ba? David Carr a Kanada ya fara duba abin da ya zube a farkon shekarun 1960, ya tarar da yawa ƙidayarsu ba daidai take ba. A 1975 Joëlle Boué da André Boué a Faransa suka fitar da sakamakon ɓari kusan 1,500, inda kimanin 6 cikin 10 suka fito da matsalar kuromosom. Binciken da ya biyo baya a ƙasashe daban-daban bai yi nisa da wannan ba: rabi, ko fiye da rabi kaɗan.

Inda ƙidaya ke kuskurewa

Kafin ƙwan mace ko maniyyin namiji ya ƙosa, sai ƙwayar da ta haife shi ta raba 46 ɗinta gida biyu daidai. A wajen rabon nan ne akan yi kuskure. Jeri ɗaya ya ƙi rabuwa, ƙwai ya tafi da 24 ko 22. Idan ya haɗu da 23 na ɗaya ɓangaren, sai a sami 47 ko 45.

Ƙarin guda ɗaya, wanda likitoci ke kira tirisomi, shi ne fiye da rabin matsalolin da ake gani. Wanda ya fi yawa a ɓari shi ne na lamba 16, kuma cikin da duk ƙwayoyinsa ke ɗauke da shi ba ya taɓa kaiwa haihuwa. Sai mai X ɗaya tilo, wato 45. Kusan 99 cikin 100 na irin wannan ciki zubewa suke yi, ƴan kaɗan da suka rayu su ne ƴan matan da ke da lalurar Turner, gajeru, waɗanda galibi al'ada ba ta zuwa musu sai da magani. A yawancinsu kuromosom ɗin da ya ɓace na wajen uba ne. Sai kuma mai 69, wanda sau da yawa maniyyi biyu ne suka shiga ƙwai ɗaya. Kuskuren dai kan fito daga nan, ya kuma fito daga can.

Ciki mai irin wannan ƙidaya yakan fara girma, har mace ta yi laulayi, awon fitsari ya nuna. Amma da an zo ginin zuciya da sauran gaɓɓai sai aikin ya cije, girma ya tsaya. Wani lokaci sai bayan mako biyu ko uku da tsayawar jini ke ɓallewa. Shi ya sa tulun da aka ɗauka jiya, ko babur ɗin da aka hau zuwa kasuwa shekaranjiya, ke shan zargin abin da ya riga ya auku tun kafin su. Daka da ɗiban ruwa da kwanciyar aure ba sa ƙara kuromosom, ba sa rage shi. Mai ciki ta cancanci a sauƙaƙa mata aiki, wannan haƙƙinta ne, amma ba rashin hutu ne ya mai da 46 ya zama 47 ba. Wani cikin kuma yakan tsaya ba jini ba ciwo, a yi ta cewa ya kwanta. Hoton ciki, wanda muke kira eko, shi ke raba gardama, domin yana nuna ko zuciya na bugawa.

Manomin Arewa ya san irin wannan a gonarsa. Ya zuba irin hatsi daga tiya ɗaya, a ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya ya sauka a kai, amma wata ƙwayar ba ta tsiro ba. Ba ya cewa gona ta mutu, ba ya kuma zargin maƙwabcinsa. Ya san a cikin iri akwai wanda bai ƙosa ba.

Abu ɗaya da aka tabbatar yana ƙara wannan kuskure shi ne shekarun uwa. Mace da ƙwayayenta ake haihuwarta, suna nan ajiye tun tana cikin uwarta, ba a ƙera sababbi. Ƙwan da ya jira shekara 40 ya fi wanda ya jira 25 saurin kuskuren rabo. Wani bincike da aka yi a Norwe a kan ciki fiye da 420,000, aka buga a 2019, ya nuna haɗarin ɓari ya fi ƙanƙanta tsakanin shekara 25 zuwa 29, kimanin 10 cikin 100, ya kuma kai 53 cikin 100 ga masu shekara 45 zuwa sama. A wajenmu, inda mace kan ci gaba da haihuwa har ɗiyarta ta fari ta fara, wannan yana da muhimmanci. Uwargida mai ƴaƴa bakwai da ta yi ɓari biyu a jere bayan an yi mata amarya, kafin a ce sammu ne a tambayi shekarunta. Shekarun miji ma, in sun haura 40, suna ƙara haɗarin, ko da yake ba kamar na mace ba.

Ana kuma yawan tambaya a kan auren zumunci. Kuskuren ƙidayar kuromosom ba ruwansa da ko ma'aurata ƴan'uwa ne. Abin da auren dangi ke ƙarawa shi ne cututtukan da sai yaro ya gaji iri ɗaya daga uwa da uba, kamar sikila, wadda muka fi sani da emasi. Gwajin jinin da ke nuna AA ko AS ko SS daban yake, ba ya ƙidaya kuromosom.

Yadda ake gwajin

Ba ɗan tayin kansa ake bukata ba. Ɗan gutsuren mabiyiya ya isa, domin ita da ɗan tayi daga ƙwai ɗaya suka fito, galibi ƙidayarsu ɗaya ce. Sauran kuma iyali na iya karɓa su binne yadda aka saba.

Tsohuwar hanya, wadda ake kira kariyotif, sai da ƙwayoyi masu rai. Ana sa gutsuren a kwalba mai tsabta cikin ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, a ajiye shi a sanyi ba tare da ya daskare ba, a hanzarta kai shi. Idan aka jefa shi cikin fomol, ruwan da ake adana nama da shi a asibiti, an kashe ƙwayoyin ke nan. A ɗakin gwaji ma'aikaci zai zuba shi a faranti ƙarƙashin madubi, ya riƙa tsince ƴan rassan mabiyiya farare masu laushi, yana ware su daga naman mahaifar uwa da gudajin jini. Sai ya sa su cikin ruwan da ke ciyar da su, a akwati mai ɗumin jikin mutum, digiri 37. Bayan mako ɗaya zuwa uku, in sun yaɗu, sai a zuba wani magani da ke tsayar da su a tsakiyar rabuwa, lokacin da kuromosom ke fitowa fili. A kumbura su, a ɗiga a kan gilashi su fashe, a rina su. Kowane kuromosom sai ya fito da zane-zanen fari da baƙi irin nasa. A ɗauki hoto, a jera su biyu-biyu daga 1 zuwa 22, a ƙare da X da Y, sannan a ƙidaya.

Hanyar tana da cikas biyu. Wani lokaci ƙwayoyin ba sa yaɗuwa, musamman in cikin ya daɗe da tsayawa ko gutsuren ya sha zafi a hanya, sai a tashi ba sakamako. Wani lokaci kuma ƙwayoyin uwa ne ke rinjaye su yaɗu, takarda ta fito da 46,XX, a ɗauka ɗiya mace ce lafiyayya, alhali uwar aka ƙidaya.

Sabuwar hanya, maikuro'are, na'ura ce ke auna DNA kai tsaye, ta nuna inda ya yi yawa da inda ya gaza. Ba ta bukatar ƙwaya mai rai, tana ganin ƙananan giɓi da ido ba ya kamawa, wani nau'inta ma yana gane in naman uwa ne aka kawo. Sai dai ta fi tsada. Akwai kuma ta uku da ke tasowa. Tun 1997 Dennis Lo ya gano cewa ɓurɓushin DNA na ciki yana yawo a jinin uwa, kuma a 2023 masu bincike a Denmak suka nuna ana iya ɗibar jinin mace daidai lokacin ɓari a gano matsalar kuromosom a mafi yawan lokuta. Ga masu zama nesa da manyan birane wannan ce ta fi ba da fata, don ɗibar jini ya fi tsince mabiyiya sauƙi.

Karatun sakamako

Sakamako iri uku ne, kuma ma'anarsu ba yadda mutum zai zata da farko ba ce.

Idan takarda ta ce an sami 47 ko 45 ko 69, ma'aurata kan firgita, amma a wajen likita wannan shi ne mai sauƙi. An san dalili, kuskure ne na wannan cikin kaɗai, ba gado ba ne, kuma ciki na gaba yana da kyakkyawan zato. Babu allura ko ƙwaya ko rubutun sha da zai tsayar da irin wannan ciki, don haka babu abin da aka yi sakaci da shi.

Idan ta ce 46 daidai, kuma an tabbatar ba ƙwayoyin uwa aka auna ba, to a nan ne aiki ya taso. Ɗan tayi lafiyarsa lau ta fuskar ƙidaya, sai a koma a binciki jinin uwa da mahaifarta.

Na uku shi ne mafi ƙaranci. A ga wani gutsure ya yi yawa a nan, ya gaza a can. Wannan kan nuna cewa ɗaya daga cikin iyayen yana ɗauke da musayar gutsure: kuromosom biyu sun karye sun yi musaya, ba abin da ya ɓace, mutum lafiyarsa ƙalau, amma wajen rabo wani ƙwan ko maniyyin yakan fita da ƙari ko ragi. Ana samun haka a kimanin 2 zuwa 5 cikin 100 na ma'auratan da ɓari ke maimaita musu, kuma mijin na iya zama mai ɗauke da shi kamar yadda matar ke iya zama. A nan ne ake ɗibar jinin su biyun. Namijin da ya ce shi ba a auna shi don yana da ƴaƴa a ɗaya ɗakin bai kawo hujja ba, domin mai musayar gutsure yana haihuwar lafiyayyu. Wani bincike da aka yi a Holan, aka buga a 2006, ya bi irin waɗannan ma'aurata shekaru, ya tarar 83 cikin 100 sun sami lafiyayyen ɗa, sauran ma'aurata masu ɓari da ba su da musayar kuwa 84 cikin 100. Hanyar takan fi tsawo, ɓari kan ƙaru a tsakani, amma ƙarshen kusan ɗaya ne. Wannan sakamako sirrin mutum biyu ne. Likita ya faɗa musu tare, kada ya zama abin da za a kai wa dangi a yanke hukunci da shi.

A lura, gwajin bayani yake bayarwa, ba ya gyara kuromosom. Akwai asibitocin kuɗi a manyan birane da ke haɗa ƙwai a waje su auna shi kafin dasawa. Kuɗin yana da nauyi ƙwarai, kuma ga mafi yawan masu ɓari ba a tabbatar ya fi sake gwadawa ta hanyar da aka saba kai su ga haihuwa ba.

Wa ya kamata a yi wa?

Ko a ƙasashe masu arziki ba kowane ɓari ake aunawa ba. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya ta 2023 ta ce a auna daga ɓari na uku na farkon ciki, da kuma duk wanda ya auku bayan ciki ya wuce wata uku. Ƙungiyoyin Turai da Amurka kuwa tun daga na biyu suke fara bincike. Ɓari ɗaya na farkon ciki ba ya bukatar komai sai kulawa, don mafi yawan matan da suka yi shi cikinsu na gaba yana kaiwa. Ko waɗanda suka yi uku ba a gano dalili ba, kimanin 6 zuwa 7 cikin 10 suna haihuwa a ciki na gaba.

Ƙidayar kuromosom ba aikin asibitin gunduma ba ne, ko a Faransa aikawa ake yi zuwa ɗakin gwaji na musamman. Mace a Dogon Kiriya ko Dumega da jini ya ɓalle mata da dare, galibi a gida abin zai fita, a binne kafin gari ya waye. In ta kai cibiyar lafiya ta CSI, abin da ke gaban ma'aikaci shi ne tsayar da jini da wankin ciki, kuma daidai ya yi, rai ne a gaba. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai ya haura kilomita 250, a watan Afrilu kuwa zafi kan wuce digiri 40. Ga wanda ya ga dole sai ya yi, hanyar ita ce ya nemi likitan mata tun kafin wani ɓarin ya zo, a cibiyar uwa da yaro ta Dosso ko asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai, ya tambaye shi inda ake aikawa, da kuɗin, da yadda za a adana gutsuren. Gwajin jinin miji da mata ya fi sauƙi, don ba ya jiran rana.

Amma mafi yawan amfanin wannan gwaji ya riga ya iso mana ba ko dala. Dubban matan da aka auna a wasu ƙasashe sun amsa tambayar a madadin matan Arewa. Ungozomar asibiti da ta san wannan tana iya kama hannun mace ta ce, "Ɗiyata, irin wannan ɓari na wata biyu, rabinsa daga halittar cikin ne. Ba abin da kika ci ba ne, ba abin da kika ɗauka ba ne." Ba ta yi ƙarya ba, ta kuma sauke mata kaya mai nauyi. Sanin sababi ba ya kore ƙaddara, kamar yadda sanin sauro ke kawo zazzaɓi bai hana kowa cewa Allah ne mai warkarwa ba.

Abin da ke da magani

Ɗaya rabin fa? A nan ne ya kamata kuɗi da ƙafa su fara zuwa, don wani ɓangarensa yana da magani, kuma yawancin gwajinsa yana kusa.

Zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka, yana zubar da ciki, yana kuma kashe ɗa a ciki. Mai ciki da jikinta ya yi zafi a auna ta ranar. Gidan sauro da ƙwayoyin SP, da aka fi sani da Fansidar, waɗanda ake fara bayarwa bayan wata uku, aƙalla sau uku da tazarar wata ɗaya, rigakafi ne tabbatacce. Tunjere kan zauna a jini ba alama, ya riƙa kashe ciki bayan ya girma. Ɗigon jini daga yatsa ke nuna shi, allurar fenisilin ke maganinsa, kuma dole a yi wa miji tare. Ciwon suga da ba a kula da shi ba, da matsalar tayiroyid, wato halittar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, duk ana gano su da jini. Mace mai rukunin jini negatif da mijinta ke fozitif na iya haihuwar na fari lafiya, na baya su riƙa mutuwa a ciki ko su zo da shawara mai tsanani. Wasu daga cikin matan da ake kira masu wabi wannan ce matsalarsu, kuma allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari tana kare ƴaƴan gaba, in an yi ta tun kafin matsalar ta fara. Akwai cutar da ke sa jini saurin daskarewa a mabiyiya, wadda ake tabbatarwa da gwaji biyu da tazarar mako 12, a yi maganinta da asfirin kaɗan da allurar hefarin a hannun likita. Eko yana nuna siffar mahaifa. Wadda kuma cikinta ke zubewa a wata na huɗu zuwa na shida ba tare da naƙuda mai zafi ba, wataƙila bakin mahaifa ne ke buɗewa da wuri, ana kuma ɗaure shi da ɗinki.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa awon ciki cikin ayyukan da aka ɗauke wa mata kuɗinsu. Ko da wasu gwaje-gwajen sai an biya, kuɗinsu bai kama ƙafar abin da wasu gidaje ke kashewa wajen yawon neman wanda ya yi musu asiri ba.

Akwai kuma alamun da ba a kwana da su a gida: jinin da ke jiƙa zane bayan zane, jiri ko suma, zazzaɓi, ruwa mai wari, da ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, wanda kan nuna ciki ya zauna a wajen mahaifa. Duk wadda ta ga ɗaya daga ciki a nemi mota ko amalanke nan take.

Ke mai karatu, ki riƙe katin awonki, ki sa a rubuta miki watan da kowane ɓari ya auku da watannin cikin, don likita da wannan yake fara aiki. Bayan ɓari na farko, ki huta ki yi awo da wuri a ciki na gaba. Na biyu, ki je asibitin gunduma a duba jini da mahaifa. Na uku, ko wanda ya wuce wata uku, a nemi likitan mata a yi masa maganar kuromosom. Kai kuma maigida, ka raka ta da ƙafarka, in an ce a ɗibi jininka ka miƙa hannu. Iyayenmu mata, ku da kuka fi kowa sanin zafin abin, ku zama masu kare surukanku daga bakin mutane. Kada a saki mace ko a wulaƙanta ta a kan ɓari alhali ba a auna ta ba, ba a kuma auna mijinta ba.